Abin da Kawu Yake Ci

Da sunan Wanda ya raba ruwan daɗi da ruwan gishiri, ya yanka wa kowane mai rai abincinsa, ya ɓoye wa kowa ranarsa. Bayan haka, ni ne Jatau ɗan Nomau, mai banda jikan masu banda, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yawo a bayan ƙasa. Tun da na zauna na lura idanunku na kan hannuna na hagu, kuna ƙirga yatsun a sace wai don kada in gani. Uku ne, ku huta. Ku gyara zama in gaya muku inda na baro biyun, amma duk wanda ya san zai katse ni da tambaya gara ya tashi tun yanzu, don ba ni da wannan haƙurin.

Ba yunwa ce ta fitar da ni daga gida ba. Tun ina ƙarami aikina gyaran kifi, kuma ina da wata ɗabi'a da ake yi mini dariya a kanta: ba na zubar da kayan cikin kifi sai na duba abin da ya ci. Na san abincin tsage, na san na giwan ruwa, na san tarwaɗa ba ta da zaɓe. Rannan wani falke ya ce mini akwai ruwan da ba shi da ƙetare, kifayensa ba su taɓa jin labarin kogi ba. Daga ranar zama ya gagare ni. Matata Tabawa ta ce, "In dai leƙen cikin kifi ne zai kai ka ƙarshen duniya, to da ni za a je. In na bar ka kai kaɗai ko hularka ba za ka dawo da ita ba." Ba mu da ɗa, ba mu da gona, muka ja ƙofa muka kama hanya.

Muka ratsa Fadamar Gishiri, inda ƙasa take fara fat, sawunka kuma ba ya fitowa sai ka yi nisa, ka waiwaya ka gan shi yana biyo ka ɗaya bayan ɗaya. Muka shiga wani daji da itatuwansa ke tsaye a kan ƙafafu cikin taɓo. A nan muka sauka a busasshen yashi za mu ci abinci, sai Tabawa ta ga kaguwa suna ta hawa itatuwa. Ta ce, "Maigida, masu gida sun hau sama, mu me muke yi a ƙasa?" Muka hau. Ba mu gama gyara zama a reshe ba ruwa ya taho daga inda ya kamata a ce ya nufa, ya shanye yashin da tukunyarmu. Wuni guda muka yi a kan iccen. A nan na koyi cewa ruwan ƙasar nan sau biyu yake shigowa a kwana, sau biyu yake komawa.

Bayan dajin muka iso garin Lumshi a bakin teku. Gidajensu na baƙar laka ne, babu farar ƙasa ko ɗigo. Mutanen sun rina haƙoransu baƙi, sun rina farcensu, in za su yi magana sai su kare baki da hannu. Gari ne babba, amma ban ji dariya ko ɗaya ba. A ƙofar gari wata tsohuwa doguwa tana zaune kusa da wata ƙatuwar randa. Sunanta Iya Gwamma.

Ta ce, "Sannunku da hanya, baƙi. Duk abin da ke walƙiya a jikinku, cikin randar nan zai zauna."

Na ce, "Iya, saboda me?"

"Kawu ba ya so."

"Wane kawun?"

Ta nuna teku da haɓa.

Na saka wuƙata, raina na ɓaci. Tabawa ta saka awarwaronta da 'yan kunne, har allura. Amma zoben azurfa na mahaifiyarta ta ƙulle shi a bakin zani, na gani kuma na yi shiru. Wannan shirun laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Muka gangara matakalar dutse da ke shiga ruwa don mu wanke ƙurar hanya. Tabawa na sunkuyawa ƙullin ya kwance, zoben ya faɗa. Yana nitsewa yana juyi yana ƙyalli, bai kai ƙasa ba sai wani abu da na ɗauka gungumen icce ne ya motsa. Ban ga tafiyarsa ba. Na dai ga yana can, sai na ga yana nan, zoben kuma babu. Kifi ne mai tsawon mutum, siriri kamar taɓarya, muƙamuƙin ƙasa ya ɗara na sama, haƙoran a waje ko da bakin na rufe. Da idona ya saba da ruwan sai na ga ashe ba shi kaɗai ba ne. Sun fi arba'in, suna rataye a tsakiyar ruwa ba motsi, duk sun fuskanci wuri ɗaya. Na ja Tabawa muka hau.

Washegari da hantsi aka tara gari a bakin matakalar. Ashe kifin nan ne suke kira Kawu. Al'adarsu ce kowace safiya a kama ɗaya da ƙugiyar ƙashi, a shimfiɗa shi a kan faifan dutse, Iya Gwamma ta farke cikinsa da wuƙar ƙashi a gaban kowa. In an sami ƙananan kifaye a ciki, masunta su fita, teku na da albarka. In cikin fayau yake, kowa ya zauna gida. Har zuwa nan na yaba musu, don wannan ilimi ne. Tsohuwar ta zaro kifi huɗu, ta sake sa hannu, ta daɗe tana lalube, sannan ta ɗaga zoben.

Ta ce, "Na wane ne?"

Na taka ƙafar Tabawa. Ita kuwa ba ta iya ƙarya ba, ko ta ceton rai. Ta ce, "Nawa ne, Iya."

Sai na ji garin gaba ɗaya ya sauke numfashi. Mata suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya suna dafa kafaɗarta, hannu a baki, suna cewa, "Barka, barka." Iya Gwamma ta ce, "Kawu ya kira ki, 'yar nan. Wanda aka sami abinsa a cikin Kawu, shi aka kira. Kwana bakwai gare ki. Ran na bakwai za a yi miki ado da duk abin da ke cikin randa, in na busa ƙaho ki shiga ruwa ki je ki taɓa wancan dutsen." Ta nuna wani baƙin dutse a tsaye cikin ruwa, nisan jifa biyu. "In kin dawo, ya yafe miki."

Na ce, "Mutum nawa suka taɓa dawowa?"

Ta shiga goge wuƙarta.

Ba a ɗaure mu ba, har ɗaki aka ba mu da abinci mai kyau. Amma hanya ɗaya ce ke fita garin, kuma daga ranar kullum akwai ƙarti shida zaune a kanta suna gyaran taru wanda ba ya ƙarewa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na zauna na haɗa kai da gwiwa. Tabawa ta zungure ni da ƙafa. Ta ce, "Kai da ka cika mini kunne da cikin kifi shekara da shekaru, yau da aikin ya zo sai ka zauna kana zaman makoki tun ban mutu ba? Tashi."

Na tashi na je wurin Iya Gwamma na roƙe ta in riƙa kama mata aiki. Mutanen Lumshi ba sa cin Kawu, amma duk wanda ya mutu a taru ita ake kai wa ta buɗe kafin a binne shi. Ta miƙo mini ɗaya don ta gwada ni. Da ta ga yadda na bi da wuƙar ban fasa matsarmama ba, sai ta matsa mini wuri.

Kwana biyar ina buɗewa. Ƙanana, waɗanda ba su wuce kamu ɗaya ba, a gindin itatuwan nan masu ƙafafu suke girma, cikinsu jatan lande ne da 'ya'yan kaguwa. In sun kai tsawon hannu sai su bar wannan su koma cin kifi. Manyan kuwa abu ɗaya na yi ta samu: wasu ƙananan kifaye farare masu sheƙi, irin kawarar kogunanmu. Ƙaramin a haɗiye shi ta kai, babban a datse shi biyu tukuna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ban samu ba. Akwai wani baƙin kifi mai kwanciya a taɓo, ya cika gindin matakalar, yana wucewa ta ƙarƙashin hancinsu kullum, ga shi da tsoka. Ko sau ɗaya ban gan shi a cikin Kawu ba. Amma na sami ɓawon kawa, na sami farar tsakuwa, abubuwan da ba abinci ba.

Sai na fara gwaji. Na ɗaura ɓawon kawa a igiya, cikinsa mai ƙyalli a waje, na ja shi cikin ruwa. Kafin in ƙifta ido igiyar ta dawo guntuwa. Na shafa wa wani ɓawon baƙin taɓo na ja, ya bi ta tsakiyarsu ba wanda ya ko juya ido. Na yi ta yi daga safe zuwa yamma har na gane abu na biyu. In ruwa na shigowa ko yana komawa, lokacin yake koro musu ƙananan kifaye, lokacin suke farauta. Amma tsakanin shigowa da komawa akwai ɗan lokacin da ruwan yake tsayawa cak, gwargwadon dahuwar shinkafa. A lokacin nan sai su rataye kamar an shanya su, in ba ka girgiza musu ƙyalli a gaban ido ba ba ruwansu da kai.

Ran na shida na iske Iya Gwamma ta juye randar a tabarma, tana goge awarwaro da sarƙoƙi da toka da lemun tsami. Na durƙusa na ce, "Iya, ki gafarce ni. Kawun nan ba kiran kowa yake yi ba. Kifi ne mai farauta da ido. Duk abin da ya yi walƙiya kawara ce a wurinsa. Ba mutum yake so ba, ƙyallin yake kai wa sara, hannun mutum na ciki. Jini ya fita, sauran su zo. Kakanninku da suka hana ƙyalli a bakin ruwa sun san abin da suke yi. Ku kuma kun tara ƙyallin gari kuna rataya wa mutum, kuna tura shi daidai lokacin cin abincinsu."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Ɗan nan, kwana shida gare ka a garin nan."

"Haka ne, Iya."

"Ni ma na ba da tawa 'yar. Yalwa. Bana shekara ashirin da shida. Ba a taɓa yi wa wata ado irin nata ba." Ta ɗaga awarwaron ta duba shi a rana, ta ci gaba da gugarsa. "Tashi ka je ka zauna da matarka."

Na tashi ina jin kamar in shaƙe ta, ina kuma jin tausayinta, ban san wanda ya fi ba.

Ran na bakwai mata suka yi wa Tabawa ado tun daga wuya har idon sawu, har wuƙata aka rataya mata a ƙugu. A al'adarsu shafa ta ƙarshe ta dangi ce, a shiga ɗaki a shafe mutum da man kwakwa har ya riƙa sheƙi. Aka miƙo mini kaskon man aka ja ƙofa. Na tura shi ƙarƙashin gado, na jawo abin da na kwaɓa tun jiya: baƙin taɓo da garin gawayi da ƙaro, don kada ruwa ya wanke shi da wuri. Na shafe ta tas, da ita da kayan, har fatar ido.

Na ce, "Ki ja ƙafa, kada ki ɗaga. Kada ki fantsama ruwa. Hannuwa a jiki. Ido a lumshe. Komai kika gani kada ki buɗe baki, haƙoranki farare ne."

Ta ce, "Wato in rufe baki. Shekara goma sha huɗu kana neman hanyar da za ka gaya mini haka." Dariyar da na yi ba ta fita daidai ba.

Da muka fito gari ya ɗauki gunaguni. Mai gari ya dubi tsohuwar ya ce, "Iya, haka ake yi?" Ta zo ta zagaya Tabawa a hankali, ta sa farce ta ɗan kankare taɓon wuyan hannu har azurfa ta leƙo. Na ce shi ke nan, mun mutu. Sai ta sa babban yatsa ta mayar da taɓon ta shafe wurin. Ta ce, "Kayan na jikinta."

Ruwa ya fara shigowa, yana dukan matakalar, Kawu na ta tsaga shi suna bin kawara. Lokacin busa ƙaho ke nan, kowa ya sani. Iya Gwamma ta ɗaga ƙahon har bakinta, ta tsaya. Mai gari ya yi gyaran murya. Ba ta dube shi ba. Rana ta hau, mutane suka fara sauya ƙafa, ita tana tsaye, idonta a kan wani ganye da ke yawo a ruwa. Ganyen ya rage gudu, ya rage, ya tsaya. Sannan ta busa.

Tabawa ta sauka. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Kawu ba su matsa mata ba, sai ita ce ke ratsawa a tsakaninsu, tana karkata kafaɗa kamar mai wucewa cikin garken shanu. Na ga ɗaya ya goge ta da gefensa, na ga ta tsaya, ta ci gaba. Ba abin da kake ji a garin nan sai numfashin mutane. Ta isa dutsen, ta ɗora hannun dama, ta juyo.

Ta yi rabin hanya sai na ga ganyen ya motsa, ya nufi teku. Kawu suka fara juya kai ɗaya bayan ɗaya. Ashe da ta dafa dutsen taɓon wuyan hannunta ya tsage, ga awarwaro yana kashe ido cikin ruwa. Na ɗauki ƙwaryar da na ɓoye a gindin matakala, cike da kawara da fasassun ɓawon kawa, na watsa can nesa ta hagu da iyakar ƙarfina. Wurin ya tafasa. Duk suka yi can, sai ɗaya, wani tsohon kifi mai tabo a kai, wanda bai ɗauke ido daga hannunta ba. Na ga ya lanƙwasa jiki, na kuwa san abin da ke biye da wannan.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na faɗa ruwa zuwa ƙugu, na tsoma hannun hagu riƙe da babban ɓawon kawa, na girgiza shi. Ban ji zafi ba, na ji dai kamar an buga mini ƙofa a hannu. Da na ɗago, ɓawon babu, yatsu biyu babu, ruwan gabana ya yi ja. Na tsaya ina kallon hannun kamar na wani. Tabawa ce ta iso ta damƙi wuyan rigata ta ja ni sama, tana zagina ta cikin haƙora, bakinta a rufe har lokacin. Muna taka dutse na uku ruwan da muka baro ya cika da su.

Ba wanda ya ce barka. Suka tsaya suna kallon Tabawa, taɓo na zuba daga jikinta, kayan na fitowa fili. Wasu tsofaffi suka juya baya suka tafi gida.

Iya Gwamma ce ta tsayar mini da jinin, ta ɗaure hannun da kanta a ɗakinta. Ta mayar wa Tabawa zobenta. Ta daɗe tana naɗe tsumman, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kwana uku na yi ina goge wa Yalwa kayan. Na ce 'yata ba za ta je gaban Kawu da dusassun kaya ba. Da ta shiga ruwa, sai da mutane suka kare ido." Ta ƙulle bakin tsumman. "Ɗan nan, da ban goge ba fa?"

Kun dai ji bakina, ba a rasa magana a cikinsa. Na buɗe shi in yi mata ƙarya, ƙaryar ta ƙi fitowa. Na ce, "Allah ne masani, Iya."

Ta ce, "Kai ma ka sani." Ta ɗauko wuƙarta ta ƙashi ta sa mini a hannun dama, ta naɗe yatsuna a kanta.

Da safe muka fita, masu gyaran taru sun tashi daga hanya. A ƙofar gari muka ga randar a kife, ba kowa kusa da ita. Mun hau tudun da ke bayan garin ke nan muka ji ƙaho. Muka waiwaya. Ruwa na shigowa da ƙarfinsa, a kan matakalar kuma ga wata doguwar tsohuwa tana sauka, tana walƙiya tun daga kai har ƙafa, har sai da na kare ido daga wannan nisan. Ba a buɗe cikin Kawu ba ranar, ba a kira kowa ba. Ta shiga har ƙugu ba ta waiwaya ba. Tabawa ta kama kaina da hannu biyu ta juyar da fuskata wajen hanya, muka tafi.

Wuƙar ga ta nan, ku taɓa in kuna so, ba ta cizo. Zoben yana hannun Tabawa, ya yi baƙi ƙirin, ta hana kowa ya goge shi. Ni kuwa har gobe ina banda, kifina kuma ba wanda ya taɓa kushe shi. Amma in na farke ciki yanzu, sai in kau da kai in zubar. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, abin da ya faru bayan na juya yana wurin Mai ruwan.